Shawarwari a kan shimfiɗa mai kauri a ɗakin kaji na bayan gida

Hajiya, daga Zariya:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina da kajin ƙwai 30, irin Shika Brown, a ɗaki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 3, daɓensa na siminti, da ɗan fili a gabansa wanda aka kewaye da waya. Sharar kullum ta fara yi mini nauyi, kuma warin kashin yakan kai har tsakar gida. An ba ni shawarar in yi shimfiɗa mai kauri in bar ta wata da watanni ba tare da kwashewa ba. Ina neman waɗanda suka san abin su faɗa mini me zan shimfiɗa, da kaurin da ya kamata.

Malam, mai kiwon kaji a Jos:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗakinki ya ishe su, domin kaza 3 zuwa 4 a kowace murabba'in mita ita ce ƙa'idar da ta fi dacewa da ƙasa mai zafi. Abin da na fi so shi ne sassaƙen katako, wanda ke fita fala-fala daga injin goge katako a kasuwar 'yan katako. Ki fara da kaurin santimita 10, wato kamar faɗin tafin hannu, kina ƙara sabo kaɗan-kaɗan a sama duk lokacin da kashi ya fara yi wa shimfiɗar yawa. Hikimar abin ita ce, kashin kaza cike yake da sinadarin naitirojin, katakon kuma busasshe ne, to idan suka cakuɗu kuma iska tana ratsa su, ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne ke cinye kashin a hankali har ya zama taki. Idan kin je saye, ki tambayi mai injin ko an shafa wa katakon maganin gara ko fenti, idan an shafa kada ki karɓa ko da kyauta ne. Garin katako mai laushi kuma ki guje shi, musamman ga 'yan tsaki, saboda suna cinsa a zaton dusa ce, ƙurarsa kuma tana shiga musu hanci.

Wani matashi, daga Kura:
Hajiya, mu a nan buntun shinkafa muke zubawa, tunda injinan casa sun yi mana yawa kuma yana da araha. Ba ya dunƙulewa da wuri, sai dai bai kai katako shan ruwa ba, shi ya sa nake haɗa su biyun. Ina kuma barbaɗa toka idan na ji wari ya fara.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, daga Katsina:
Ƙanena, buntu zaɓi ne mai kyau, amma ina roƙonka ka daina zuba tokar a cikin shimfiɗa. Warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye iskar ammoniya ce, kuma toka, kamar farar ƙasa, tana sa ta ƙara tashi daga kashin, ta tafi da amfanin da takin zai yi a gona. Wurin toka daban ne: a haɗa ta da yashi a zuba a tsohuwar taya ko kwano a gefen fili, kaji su riƙa birgima a ciki don rage kwarkwata.

Hajiya, dukan aikin nan a kan laima yake. Ki duƙa ki ɗebi shimfiɗar cike da hannu, ki matse, sannan ki buɗe. Idan ta ɗan haɗu ta kuma wargaje da kanta, daidai take. Idan ta tsaya a dunƙule kamar curin fura, ruwa ya yi yawa, sai ki kwashe wurin da ya jiƙe ki zuba busasshe. Idan kuwa ta zube tana ƙura, ta bushe da yawa. Masana suna son laimarta ta tsaya tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Haka nan ki riƙa sunkuyawa ki shaƙi iskar a daidai tsayin kan kaza, domin abin da mutum ke ji a tsaye bai kai abin da su suke shaƙa dare da rana ba. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce matattarar cutar koksidiyosis, wadda ake gane ta da kashin jini, kuma tana ƙona musu tafin ƙafa. Ɓawon gyaɗa ma ana amfani da shi, amma wanda ya taɓa jiƙewa ya yi funfuna yana jawo ciwon huhu mai kashe 'yan tsaki, don haka sai an tabbatar ya bushe ƙarau kuma ba ya warin ruma.

Baba, daga Maraɗi:
'Yata, ki kula da mazubin ruwa, nan ne ɓarnar take farawa. Ki rataye shi ko ki ɗora shi a kan bulo, bakinsa ya yi daidai da bayan kaza. Da yamma ki watsa musu ɗan gero ko dawa a kan shimfiɗar, su da kansu za su tona su juya miki ita. Inda ba sa kaiwa, kamar lungu da ƙarƙashin sandar da suke kwana a kai, ki bi da manjagara sau ɗaya ko biyu a mako.

Malam, mai kiwon kaji a Jos:
Akwai abin da nake so in ƙara, domin yawancin bayanan da ake karantawa daga ƙasashen sanyi suka fito. A jihar Ohio ta Amurka aka yi binciken da ya fito da wannan hanya a shekarun 1940, kuma masu kaji a can suna son ta ne har da ɗumin da take bayarwa a lokacin ƙanƙara. Mu a Jos wannan ɗumin yana yi mana amfani da hunturu, amma a Zariya ko Katsina, daga Maris zuwa Mayu, kaza sanyi take nema ruwa a jallo. Shawarata ita ce ki kwashe tsohuwar shimfiɗar kafin bazara ta kankama, ki sa sabuwa marar kauri, ki bar ta ta riƙa taruwa daga ƙarshen damina zuwa hunturu. Bangon ɗakin kuma kada ya wuce guiwa ko ƙugu, sauran ya zama waya har sama, rufin ya zarce bangon sosai don feshin ruwa. Da damina ki tanadi labulen buhu a gefen da iska ke kaɗo ruwa, amma da zarar an ɗauke ki naɗe shi.

Hajiya, daga Zariya:
Allah Ya saka da alheri. To filin da ke gaban ɗakin fa, wanda ba shi da rufi? Shi ma in zuba masa katakon?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, daga Katsina:
A'a, Hajiya, ruwan watan Agusta zai mayar da shi caɓi mai wari. Ki cika filin da yashi ya ɗan fi tsakar gida tudu, ki yi masa magudana, da rani kuma ki zuba busasshen ganye da yankakken karan masara. Idan kin samu hali kin rufa masa kwano, sai ki bi da shi kamar cikin ɗaki.

Abu ɗaya ne ban yarda a yi sassauci a kansa ba. Idan cuta ta shiga, kamar Gumboro ko Newcastle, ba a barin ko kaɗan daga tsohuwar shimfiɗa: a kwashe duka, a wanke daɓen da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar ɗakin babu kaza na aƙalla mako 2. Idan kuwa kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, a kira jami'in dabbobi kafin a taɓa komai, kada a sayar da takin, saboda murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, tana bin kashi da buhuna daga gona zuwa gona. Shimfiɗa ba ta maye gurbin rigakafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana yin alluran rigakafin Gumboro da Newcastle.

Wani matashi, daga Kura:
Na karɓi gyaran, Yaya, na gode. Hajiya, idan kin kwashe kada ki zubar, masu noman rani na albasa da tumatir suna saye buhu-buhu. Idan a lambunki za ki sa, ki tara shi a inuwa, ki yayyafa ruwa, ki riƙa juyawa na wata 2 zuwa 3, domin ɗanyensa yana ƙona saiwar shuka.