Ya za mu kira double bass a rediyo?

Mai Shirin Kiɗa: Salam 'yan uwa, a taimaka. Gobe da safe zan naɗi shiri kan Ron Carter, makaɗin Amurka da aka haifa a 1937. Kiɗan gargajiyar Turawa ya karanta a makarantar Eastman amma wariyar launin fata ta toshe masa wannan hanyar sai ya koma jaz, ya yi aiki da shahararren makaɗin jaz Miles Davis daga 1963 zuwa 1968, har Guinness ta ba shi kambun wanda ya fi kowa a 'yan jaz shiga faifai da wannan kayan kiɗan. Toh sunan abin ne ya gagare ni. Tsirkiya huɗu gare shi, tsawonsa ya kai na mutum.

Bakatsiniya: Babban goge mana, ai goga shi ake yi.

Ɗan Zazzau: A kiɗan Turawa ne ake gogawa Hajiya, 'yan jaz da yatsu suke jan tsirkiyar kamar molo. In kin ce goge kin yar da rabin sana'ar mutumin.

Malamin Hausa: Ni na daɗe ina cewa gogarma. Akwai goge a ciki, ga girma, ga muryar nan mai kauri da ke riƙe sauran makaɗa.

Ɗan Damagaram: Mu nan kwantarbas muke ji, daga Faransanci. Ku ce dabul bes kawai, jita da fiyano ma ai aro ne.

Malamin Hausa: Wannan lalacin ne ke kashe mana harshe! Komai sai mun ara kamar ba mu da goge da kukuma da garaya tun kafin zuwan Bature.

Bakatsiniya: Allah ya huci zuciyar Malam, amma gogarma ai mutum ne, mai sauraro zai ɗauka Carter ɗin ake wa kirari.

Ɗan Zazzau: Kuma wasu da sun ji goge sai su tuna bori su raina mutumin.

Malamin Hausa: Raina namu da muke yi shi ne ciwon, ba goge ba.

Mai Shirin Kiɗa: Lokaci na tafiya. Zan ce dabul bes sau ɗaya, in bayyana cewa ƙaton goge ne na tsaye da ake gogawa ko a ja da yatsu, daga nan in ci gaba da ƙaton goge.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma na gobe dai a yi hakan. Ɗalibaina gogarma zan koya musu.