Yayana yana firgita cikin barci, ko karensa zai iya koyon tashinsa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da yayana ya bar aikin soja barci ya gagare shi. Tsakar dare sai ya zabura da ihu, gumi ya jiƙa shi sharkaf. A cikin taro kuwa ba ya yarda kowa ya tsaya masa a baya. Likita ya ce ciwon PTSD ne, wato firgicin da ke biyo bayan mummunan abin da mutum ya fuskanta, yana kuma shan magani. Na ji ana horar da karnuka domin masu irin wannan larura. Yana da kare da suka shaƙu sosai. Shi za a horar, ko sai an nemo wani?

Mai Horo: Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Shaƙuwa kaɗai ba ta isa ba. Ko a Amurka, dokar masu naƙasa ta 1990 ba ta ɗaukar kare a matsayin mai hidima sai an koya masa takamaiman aiki. Fara duba halinsa. Ki saki murfin tukunya a bayansa: in ya razana ya dawo ya sansana, da sauran magana. In ya gudu ya ɓuya ko ya yi gurnani, ki haƙura da shi. Saboda sanyin hali ne aka fi ɗaukar karnuka nau'in Labrador da Golden Retriever, su ma da yawa ba sa kammala horon.

Tashin mai mafarki da rana ake koyar da shi. Yayanki ya kwanta ya riƙa juye-juye da nishi, a sa karen ya dungure hannunsa da hanci ko ya ja bargo, nan take a ba shi lada. A yi ta maimaitawa har ya daina jiran umarni. Daga baya a koya masa tsayawa a bayan yayanki cikin mutane. Cikakken horo kan kai shekara 2.

Baban Amira: Ni ma ina da larurar. In numfashina ya fara sarƙewa, karyata takan ɗora ƙirjinta a cinyata ta lafe, nauyin nan shi ke dawo da ni hayyacina. Amma Malama, don Allah kada ya bar magani ko ganin likita saboda kare. Kuma a tambaye shi tukuna, domin duk inda ya shiga da karen sai an kalle shi.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai Horo, karen ya kai shekara 6, bai tsufa da koyo ba?