Ƴaƴan tuffata suna zuba tun ba su girma ba

Maman Nana: Assalamu alaikum ƴan uwa masu garka. Ina da iccen tuffa guda ɗaya a tsakar gida nan unguwar Zariya ta Maradi. Ƙanen maigida ne ya kawo mini dashensa daga Jos, ya ce mai aure ne, wato an haɗa reshen iri mai kyau a kan wani gindi. Babu wahalar da ban sha ba kafin ya kama: awaki sun cinye kansa, na kewaye shi da waya, gara ta taso masa, na yi ta zuba toka. Bana ya shiga shekara ta uku, ya yi fure a Fabrairu, ƴaƴa suka fito har yara suna rabon su tun a sama. Yanzu da zafi ya shigo, kullum da safe sai in share su a ƙasa, ba su fi ƴaƴan magarya girma ba. Ruwa ba na hana shi, taki ma na sa. Hankalina ya tashi, don Allah me zan yi?

Malam Mai Garka: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki faɗi wane iri ba ne, amma matsalar tana cikin maganarki: guda ɗaya. Yawancin tuffa ba ta riƙe ƴaƴa sosai sai ƙudan zuma ya kawo mata garin fure daga wani irin tuffa daban. Ki ɗauki biyar daga waɗanda suka faɗo ki yanka su a tsakiya. Za ki ga ɗakuna biyar, cikakkiyar tuffa tana kai ƙwaya goma a ciki. In kin ga ɗaya ko biyu, ko fanko, to barbarar ce ba ta yi ba, kuma irin waɗannan icce yake fara zubarwa. Irin da aka fi shukawa a ƙasashen zafi shi ne Anna, abokinsa Dorsett Golden, tare suke fure. Ki dasa Dorsett Golden ɗin kamar mita 4 daga naki.

Yaya Hadiza: Malam, ni ruwan nake zargi. Ƙasar Maradi rairayi ce, ga zafin Afrilu yana wuce digiri 40. Yayyafin kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa. Ki yi masa kwari daidai faɗin inuwarsa, ki zuba lita 30 zuwa 40 da yamma duk kwana biyu, ki tona gefe ki ga ko danshi ya kai santimita 30. Sai ki shimfiɗa karan gero kaurin santimita 10, amma kada ya taɓa gindin.

Maman Nana: Yaya, karan gero kuma? Da garar da na faɗa? Ruwa kam yana samu, duk ruwan wanki da wanke-wanke can nake juyewa.

Yaya Hadiza: Ki daina wannan yau. Garin sabulun wanki yana da gishiri, yana taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa. Duba bakin ganyen, in ya bushe ya yi ja, shi ne.

Malam Mai Garka: Ruwan sabulu ba shi da kyau, amma ko ruwan Zamzam ta ba shi, tuffar da ba ƙwaya a cikinta galibi faɗowa take yi. Sannan icce mai shekara uku bai kai ɗaukar kaya ba. Kowane gungu yana fitar da fure biyar ko shida, shi da kansa yake rage wasu makonni kaɗan bayan fure. Ki riga shi: ki bar ɗaya mafi girma a kowane gungu, tazarar santimita 15 zuwa 20, ki cire sauran da almakashi. Wane taki kika sa?

Maman Nana: Farin nan, ure, cike da gwangwanin tumatir biyu, lokacin da yake fure. Mai shagon ne ya ce in sa. Cire ƴaƴa da hannuna kuwa, Malam, gaskiya ba zan iya ba, ni da nake kukan suna zuba.

Malam Mai Garka: Ya yi yawa, kuma ba lokacinsa ba ne. Ure ganye da sabon reshe yake turawa, su kuma su ƙwace abincin ƴaƴan. Ruɓaɓɓen takin awaki bokiti ɗaya da ɗan takin zamani 15-15-15 kafin fure ya wadatar.

Baba Alhaji: Abin da ke ci mini rai masu sayar da dashe ne. Ba suna, ba takarda, kowanne “mai aure ne”. Ƴata, ki duba gindin, in babu kumburin wurin aure kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, daga ƙwaya aka tsiro shi. Kuma sanyin Jos daban, hunturunmu daban. Magarya mai aure, wadda ake kira pomme du Sahel, ita ce ta ƙasarmu, ba ruwanta da wannan rigima.

Maman Nana: Baba, ba magarya nake so ba. Kuma ƙanen maigida ba zai kawo mini na banza ba. Na yanka uku, biyu fanko, ɗaya akwai ƙwaya huɗu da wata ƴar tsutsa.

Yaya Hadiza: Tsutsa? To ki kwashe duk na ƙasa ki ɗaure a baƙar leda ki ajiye a rana, kada ta shiga ƙasa ta sake fitowa.

Malam Mai Garka: Biyu cikin uku fanko. Na faɗa.

Maman Nana: To ina zan sa icce na biyu, tsakar gidan da ko igiyar shanya da ƙyar? Ba wani maganin feshi da zai riƙe waɗanda suka rage?