Me za mu kira "displacement" na inji? Ina da shiri ranar Asabar

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan tattauna a rediyo da wani bakanike na Panteka a nan Kaduna da ke sake haɗa injin tsohuwar Volkswagen Beetle, irin wanda iska ke sanyayawa, ba lagireto. Mai motar zai riƙa zuwa aiki da ita kullum daga Kawo zuwa Kakuri, ana shawarar a bar injin a 1600 ko a kai shi 1776. Kalmar "displacement" ce ta tsaya mini.

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Ƙarfin inji mana.

Oga Panteka: A'a ƙanena, ƙarfi daban ne. Injuna biyu 1600, sai ɗaya ya fi ɗaya ja saboda kafireto. Abin da ake aunawa shi ne filin da fistin ke sharewa daga sama zuwa ƙasa, a ninka sau huɗu, tunda silinda huɗu ne. Faɗin silinda milimita 85.5, tafiyar fistin 69, ya ba ka 1584, shi ake kira 1600. Sa mai 90.5, ka sami 1776, amma sai an fafe jikin injin da kawunan silinda. Mu a gareji si-si (cc) muke cewa.

Malamin Hausa: Si-si a rediyo? Tsohon da ke saurare a Birnin Gwari sisin kuɗi zai ji. Ku ce "mudun inji". Mudu awon ciki ne, kowa ya san shi. Ita ma silinda a ce "tulu".

Oga Panteka: Malam, da girmanka, in na aiki yarona ya sayo tulu huɗu, wurin masu tukwane zai nufa.

Malamin Hausa: Haka muka yi sake har yaranmu suka daina ƙirga da Hausa. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a garin nan, amma sunan ƙarfe ɗaya ba mu raɗa ba. Abin yana min ciwo.

'Yar Unguwar Rimi: Malam, ai fistin da kafireto sun zama Hausa, kamar mota da inji. Bakin kanikawa ne ya sarrafa su, me ya rage musu? Ni dai "awon cikin inji".

Malamin Hausa: Kalma uku inda biyu ta isa.

Oga Panteka: Ku kira shi yadda kuka so, amma ka faɗa wa mai motar ya guji silinda mai faɗin 87, mai ba da 1641. Tana shiga ba fafewa, shi ke ruɗar mutane, alhali bangonta siriri ne. Na cire wata da hannuna, ta karkace, hayaƙin baƙin mai na fita. Cunkoson Kasuwa a zafin Afrilu ba wasa ba ne. Don zuwa aiki, 1600 ya isa.

Mai Shiri: Na gode ƙwarai. Zan ce "awon cikin inji" da farko, in bi da si-si. Malam, zan kawo mudu a matsayin misali.

Malamin Hausa: Misali kawai? To, ba komai. Amma zan bugo waya a shirin.