Neman taimako kan saitin manhaja guda ɗaya a Gentoo

Assalamu alaikum, ƴan uwa masana. Ina Maradi, ina aiki da Gentoo (wani nau'in Linux da ake haɗa manhajojinsa daga lambar tushe a kan na'urar mutum) a kan wata tsohuwar kwamfuta mai RAM gigabait 4, kuma duk manhajojin da nake buƙata suna haɗuwa lafiya in ban da dev-qt/qtwebengine (injin nuna shafukan yanar gizo na Qt), wadda take cinye RAM har tsarin ya kashe aikin a tsakiya.

A cikin make.conf, babban fayil ɗin saitin Gentoo, na bar MAKEOPTS a kan -j4 (wato ayyukan haɗawa huɗu a lokaci guda), domin ba na so sauran manhajoji su yi jinkiri saboda guda ɗaya. Sai na buɗe fayil a /etc/portage/env mai suna kadan.conf, na rubuta MAKEOPTS="-j1" a ciki, sannan na danganta shi da qtwebengine a package.env, fayil ɗin da ke ba manhaja ɗaya saitinta na daban. Aikin ya ƙara nisa sosai, amma har yanzu yana mutuwa kafin ya kammala, ga zafin gari yana sa fankar na'urar kuka dare da rana.

Shin cire jumbo-build (zaɓin da ke dunƙule fayiloli da yawa a haɗa su tare) a package.use, fayil ɗin zaɓuɓɓukan kowace manhaja, ga wannan manhaja kaɗai zai rage cin RAM yadda zai wadatar, ko dole sai na ƙara swap (wurin faifai da ke taimaka wa RAM idan ta cika)? Abin da ya fi damuna shi ne manhajojin da aka riga aka haɗa, waɗanda Gentoo ta fara rabawa a Disamba 2023: a fahimtata, Portage, mai girka manhajoji a Gentoo, yana ƙin ɗaukarsu idan tutocin USE (zaɓuɓɓuka irin su jumbo-build) ba su dace ba. Idan haka ne, wace hanya ce ta fi tsakanin haɗa ta da kaina da ɗaukar wadda aka riga aka haɗa, musamman a wurin da wuta take ɗaukewa ana tsakar aiki? Allah ya saka da alheri.