Wace kalar fandeshin zan siya wa Hajiyarmu?

Salam 'yan uwa mata, dan Allah ku taimaka min. Bikin ƙanwata ya matso, Hajiyarmu ta haura shekara 55 kuma fatarta bata son wasa, duk abinda ke da turare tana shafawa sai ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje. Wankan tarwaɗa ce amma fuskar ta fi wuyan duhu, to wanne ake bi wajen zaɓen kala, fuska ko wuya? Wanda muka gwada a shago ya zauna daidai, muna fitowa rana ya koma toka-toka ya kwanta cikin tamojin gefen ido, ga hunturu fata duk ta bushe. Mai ruwa-ruwa zai fi mata ko hoda kawai? Ita dai tace kar a maida ta aljana gaban surukai.