Zaman wucin gadi a Lome: ina mutum zai je ranakun Asabar da Lahadi?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni mutumin Damagaram ne, kuma wurin aikina ya turo ni Lome, babban birnin Togo, domin in kula da fitar da kayanmu daga tashar jiragen ruwa na wasu watanni kafin in koma gida. Daga Litinin zuwa Juma'a ba ni da lokacin kaina, amma Asabar da Lahadi sukan yi mini tsawo ƙwarai, domin a gida na saba da zaman fada bayan la'asar ko tafiya garaken Mirriya da abokai, a nan kuwa ban san kowa ba sai abokan aiki, waɗanda kowannensu yana da iyalinsa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zama a wannan gari su nuna mini wuraren da mutum zai je ya buɗe ido ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, kuma ba tare da ya faɗa inda ake shaye-shaye ba. Ina kuma son in ji ko shiga teku yana da haɗari, domin na iya iyo tun ina yaro a tafkunan damina.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ta shafi rai. Kada ka shiga tekun Lome da iyon tafki. Gaɓar wurin tana gangarawa da sauri, igiyar ruwa tana fashewa dab da bakin yashi, kuma ruwan da yake komawa ciki yana da ƙarfin da zai ɗauke ƙafar babban mutum ko da bai kai masa ƙugu ba. Masuntan da aka haifa a wurin ma suna jin tsoronsa. Ka jiƙa ƙafarka idan kana marmari, amma ka tsaya nan.

Bakin tekun kansa kuwa shi ne wurin hutun da ba a biyan ko dala. Ka fita da sassafe bayan asuba ka bi babban titin da yake gefen ruwa, za ka tarar da masunta suna jan taru daga cikin teku, mutum da yawa a kan igiya ɗaya suna waƙa, kuma aikin yakan ɗauke su sa'o'i. Wanda ya kama musu ba sa hana shi, sau da yawa ma sukan ba shi ɗan kifi. Da yammacin Lahadi wurin yakan cika da iyalai da ƴan ƙwallo da masu sayar da ruwan kwakwa. Idan rana ta faɗi ka bar wurin, domin akwai masu fizgen waya, kuma baƙo ba ya ɓoyuwa.

Maganar kaɗaici kuwa, ka hau zemijan, wato kabu-kabunsu, ka ce a kai ka Agoe Zongo da ke arewacin gari. A da Zango yana tsakiyar Lome, sai a 1977 hukuma ta tashe shi aka mayar da mutane can. Za ka samu masallatai da masu shayi da masu tsire, Hausawa da Zabarmawa ƴan Nijar sun cika wurin, kuma da wuya ka yi zama biyu ba ka haɗu da wanda ya san gidanku ba. Ka yi ciniki da mai babur kafin ka hau.

Malamin Tarihi

Alhaji Tsohon Direba ya yi gaskiya a kan teku, kuma ba ni da abin ƙarawa. Ni dai shawarata ita ce ka ware Asabar guda ka nufi gabas, domin duk gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, kuma mafi yawan tarihinta yana kan wannan hanya ɗaya da ta tafi iyakar Benin.

Ka fara sauka a Agbodrafo, kimanin kilomita 30 daga Lome. Akwai wani tsohon gida da ake kira gidan bayi, wanda aka gina a ƙarni na 19, lokacin da Turawa suka riga suka haramta cinikin amma ana ci gaba da yin sa a ɓoye. Masu gidan suna zaune a sama, mutanen da aka kamo kuwa ana tura su ƙarƙashin daɓen katako, cikin wani rami mai duhu da babban mutum ba zai iya miƙewa tsaye a ciki ba, har sai jirgi ya zo. Ina ganin ya kamata ɗan Damagaram ya shiga wannan rami da kansa, domin masarautarmu ma ta yi cinikin bayi a wancan ƙarni, sai dai namu ayari Sahara yake ketawa zuwa arewa, kuma ba mu cika son tuna wannan ba idan muna ba da labarin Sarki Tanimun da ganuwar Birnin Damagaram.

Daga nan kwalekwale zai ƙetare da kai tafkin Togo zuwa Togoville, garin da ƙasar ta samo sunanta daga gare shi. Da sunan sarkinsa Mlapa aka ƙulla yarjejeniyar 1884 wadda ta sa yankin ƙarƙashin Jamus. Ruwan tafkin a kwance yake, amma ka daidaita kuɗin zuwa da dawowa tun kana gaɓa. Idan da sauran rana ka ƙarasa Aneho, inda ruwan tafki yake haɗuwa da teku. Nan ne fadar mulkin Jamusawa kafin su mayar da ita Lome a 1897, kuma wanda ya san yadda Zinder, wato Damagaram, ta kasance bayan an ɗauke babban birnin Nijar daga can zuwa Yamai a 1926 zai gane yanayin garin da tsofaffin gine-ginensa nan take.

A hanya ka lura da yadda teku ya ci gaɓa. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1968, katangar duwatsunta ta tare yashin da ruwa yake turawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa bakin tekun cikin gari yake da faɗi, ƙauyukan gabas kuwa sun rasa gidaje da tsohuwar hanya.

Hajiya Mai Atamfa

Ɗana, ina yi maka fatan alheri a wannan zama. Ban ƙi maganar Alhaji ba, amma ina jin tsoron kada ka mayar da Zango gidanka na Asabar da Lahadi, ka dawo Damagaram ba ka ga komai ba sai shayin da ka bari a gida. Ka je can sallar Juma'a da gaisuwa, sauran lokacin ka shiga gari.

Babbar kasuwar Asigame ta cancanci yini guda, musamman layin atamfa, inda matan da ake kira Nana Benz suka yi suna tun shekarun 1970 da cinikin atamfar Holan har suka sayi manyan motoci. Ka je ranar Asabar, domin Lahadi yawancin rumfuna a rufe suke. Ka riƙa zagayawa kana tambayar farashi yanzu, ka bar sayen tsaraba sai tafiyarka ta kusa, lokacin ka san kan kasuwa. Kuɗinmu ɗaya ne da nasu, saboda haka babu wahalar canji. Ba nisa daga nan akwai tsohuwar fadar gwamnan Jamus, wadda aka gyara aka buɗe wa jama'a a 2019, da wurin nuna zane-zane da lambu mai inuwa da ya dace da mai son zama shiru.

Kada ka ƙyamaci abincinsu. Tuwon masararsu da miyar lalo da kifi ya yi kusa da namu, sai dai barkono ya fi yawa, kuma idan nama ne ka tambayi ko na mene ne kafin a zuba maka. Ka tuna agogon Nijar yana gaba da na Togo da awa guda, kada ka riƙa kiran mahaifiyarka bayan ta kwanta.

Ɗan Birni

Na gode Alhaji, na gode Malam, Allah ya saka da alheri Hajiya. Na ɗauki maganar teku, kuma in sha Allahu da Agbodrafo zan fara. Wani abokin aiki ya ambata mini Kpalime, ko ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya?

Tsohon Direba

Ana iyawa, domin kimanin kilomita 120 ne, amma sai ka yi sammako, tun da motocin haya ba sa tashi sai sun cika. Ƙasar duwatsu ce da gonakin koko da kofi, kuma kusa da ita dutsen Agu yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Togo, mita 986. Idan kana son ganin ruwan da yake zubowa daga dutse a Wome, ka je bayan an yi ruwan sama, ka sa takalmi mai kama ƙasa saboda matakalar tana da santsi. Ni da zan ba ka shawara, ka tafi Asabar ka kwana, ka hau dutsen da sanyin safiyar Lahadi tare da ɗan jagora daga ƙauyen, ka kamo motar dawowa kafin la'asar. Ka riƙe katinka na shaida a aljihu, domin akan tambaya a hanya.